Malebranche, Spinoza ko Leibniz: Wa Ya Fi Dacewa Ɗalibi Ya Riƙe Kan Batun Tasiri da Zati?

Duk wanda ya durƙusa gaban malamin tauhidi ya karanta Ummul Barahina ya riga ya san tambayar, ko da bai taɓa jin sunan Descartes ba. Wuta ta taɓa auduga, auduga ta ƙone. Wa ya ƙona ta? Wutar ce da ɗabi'arta, ko wani ƙarfi ne da aka ajiye mata a ciki, ko kuwa Allah ne ya halicci ƙunar daidai lokacin da suka haɗu, ita wutar ba ta da tasiri ko kaɗan? A Turai ta ƙarni na 17, masana falsafar da ake kira masu fifita hankali sun sha fama da wannan tambaya, sai dai su misalinsu ƙwallo biyu ne masu karo da juna, da hannun da mutum ke ɗagawa in ya ga dama. Ƙarƙashinta kuma akwai wadda ta fi ta zurfi: ikon da abu ke da shi na haifar da wani abu, cikin zatinsa yake, wato cikin abin da ya sa ya zama shi, ko daga waje ake ɗora masa?

Wannan rubutu na ɗalibin da zai zaɓi mutum ɗaya ne ya yi kundin digiri a kansa, ko mai karatu na ƙashin kansa da ke son ya ba mutum ɗaya shekara guda cur. Sunaye huɗu ake jerowa: Descartes, Malebranche, Spinoza da Leibniz. Wanda ya ce zai haɗa su duka a kundi ɗaya, taƙaitaccen tarihi zai rubuta, ba bincike ba.

Descartes ƙofa ne, ba masauki ba

Kafin René Descartes (1596 zuwa 1650), jami'o'in Turai kan tafarkin Aristo suke. Kowane abu yana da surarsa ta zati, daga ita ayyukansa ke ɓuɓɓugowa: wuta tana ƙuna don wuta ce, dutse yana faɗuwa don nauyi sifarsa ce. Descartes ya share wannan gaba ɗaya. A littafinsa na Ƙa'idojin Falsafa na 1644 ya ce zatin jismi shimfiɗuwa ne kawai, tsawo da faɗi da kauri, zatin rai kuwa tunani. To ina tasiri zai fito cikin tsawo da faɗi? Alwatika ba ta ture kowa. Shi kansa ya ga haka, shi ya sa a kashi na biyu na littafin ya ce Allah ne sababin farko na motsi, shi ya zuba shi cikin duniya, shi ke kiyaye adadinsa kada ya ƙaru ko ya ragu. Tun a 1641 ma ya riga ya rubuta cewa ikon da ake buƙata a wanzar da abu daga wannan lokaci zuwa na gaba, shi ne dai ikon da ake buƙata a halicce shi sabo.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka matsa masa lamba ba farfesa ba ce. Gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ce, tana da shekara 24, a wasiƙar da ta aika masa a watan Mayun 1643. Ta ce: in turi sai da taɓawa, taɓawa kuma sai da shimfiɗuwa, yaya rai marar shimfiɗuwa ke motsa jiki? Ya ba ta misali da yadda mutane ke ɗaukar nauyi a matsayin abin da ke jan dutse ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Ba ta gamsu ba, domin shi da bakinsa ya ƙaryata irin wannan nauyin. Ta ce ya fi mata sauƙi ta yarda rai jismi ne da ta yarda abin da ba jismi ba yana ture jismi.

Har yau masu sharhi ba su daidaita ba kan ko Descartes ya bar wa jismi wani tasiri ko ya miƙa duka ga Allah. Wanda ya zaɓe shi zai ƙare yana sasanta masu sharhi, ba yana muhawara da marubucin ba. A karanta shi dole, amma sauran ukun ne suka fito fili suka ba da amsa.

Malebranche: wanda zai yi maka kama da ɗan gida

Nicolas Malebranche (1638 zuwa 1715) limamin Katolika ne a Faris. A 1664, shekarar da aka naɗa shi, ya ci karo da littafin Descartes kan halittar ɗan Adam, daga nan ya kama falsafa. Babban littafinsa, Neman Gaskiya, ya fito a 1674 da 1675. A juzu'i na shida akwai babin da ya kira kuskure mafi haɗari a falsafar mutanen da, kuskuren kuwa shi ne ba abin halitta iko. A ganinsa wannan ƙofar bautar gumaka ce: in rana ce da kanta ke ba ka ɗumi, abinci da kansa ke ba ka daɗi, me zai hana ka so su, ka ji tsoronsu kamar ƙananan alloli?

Hujjojinsa uku ne ya kamata a riƙe. Ta farko: sababi na haƙiƙa shi ne wanda hankali ke ganin haɗi na wajibi tsakaninsa da abin da ya haifar. Hankali yana iya sawwala ƙwallo ta bugi ƙwallo, ta biyun ba ta motsa ba, babu warwara a ciki. Amma ba ya iya sawwala Mai cikakken iko ya nufi abu, abin bai kasance ba. Saboda haka nufin Allah kaɗai ne sababi. Karon ƙwallon dama ce kawai, lokacin da Allah ya saba motsa ta biyun.

Ta biyu ita ce ta hannu. Ka ce kai ka ɗaga hannunka. Wace jijiya ka fara taɓawa? Ta wace kafa ka tura siririn tururin nan da likitocin zamanin ke zaton yana gudana cikin jijiyoyi? Ba ka sani ba, alhali wanda bai taɓa jin kalmar jijiya ba yana ɗaga hannu ba tare da wahala ba. Arnold Geulincx, wani mai irin wannan ra'ayi da ya gabace shi, ya riga ya mayar da ita ƙa'ida: abin da ba ka san yadda ake yin sa ba, ba kai ka yi shi ba.

Ta uku ta fi ƙarfi, tana cikin littafinsa na tattaunawa na 1688. Allah ba zai nufi wannan kujera ta wanzu ba sai ya nufe ta a nan ko a can. Tunda wanzarwa ci gaban halitta ce, a kowane lokaci shi ke aje kujerar a inda take. Motsi kuwa ba komai ba ne illa kasancewa a wurare daban-daban a jere. To wane aiki ya rage wa ƙafarka da ta shure ta?

Mai karatun tauhidi zai ji kamar ya dawo gida. Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya faɗa ƙarara cewa babu wani abin halitta da ke da tasiri cikin komai, ba da ɗabi'arsa ba, ba kuma da wani ƙarfi da aka sanya masa ba. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa, ya ce ido yana ganin ƙuna a wurin haɗuwa ne, ba ya ganin cewa haɗuwar ce ta yi ta. Kamannin sun yi yawa, kuma nan tarkon yake. Kundin da ya tsaya kan jera kamanni ba zai ce komai ba, wanda kuma ya zarce ya ce Malebranche kwafa ya yi zai ɗauki nauyin da ba zai iya saukewa ba. Malaman da shi Malebranche ke ambata su ne Augustine da Descartes.

Bambance-bambancen su ne nama. Malebranche bai yarda da jauharin da ba ya rabuwa ba, wanda malaman kalam suka gina duniyarsu a kansa. A wurinsa jismi yana rabuwa ba iyaka. Bai kore zatin abubuwa ba, hasali ma da zatin yake kafa hujja: muna ganin ma'anar shimfiɗuwa sarai, a cewarsa cikin ilimin Allah muke ganinta, kuma da muka duba ba mu ga iko a cikinta ba. Mafi girma kuma, Ash'ariyya sun ce babu abin da ya wajaba kan Allah, shi kuwa Malebranche ya ce hikimar Allah ta sa ba ya aiki sai ta hanyoyi mafi sauƙi, da dokoki na gama-gari, ba da nufi na musamman ga kowane lamari ba. Da wannan ya bayyana dalilin da ruwa ke zuba a teku gona tana ƙishi, da dalilin da ake haifar jariri da naƙasa. Wannan ra'ayi, a littafinsa na 1680 kan ɗabi'a da alheri, shi ya haɗa shi doguwar rigima da Antoine Arnauld, har fadar Paparoma ta sa littafin cikin haramtattu a 1690.

Rauninsa biyu ne, kowanne ya isa kundi. Ya ce ba mu da bayyanannen ilimi kan zatin rai, ji kawai muke yi muna da shi. To ta yaya ya tabbatar babu iko a cikin abin da bai ga zatinsa ba? Sannan laifi: in Allah ke yin komai, ina alhakin mai zunubi? Ya ce abin da ya rage wa mutum shi ne ya amince ko ya dakatar da amincewa, kuma wannan ba ya samar da wani sabon abu a duniya. Wanda ya sha muhawarar kasabu, wato rabon bawa cikin aikin da Allah ya halitta, zai gane ciwon tun daga nesa. David Hume kuma, daga baya, ya ɗauki rabin hujjar farko, cewa ba a ganin haɗi na wajibi tsakanin abubuwa, ya ajiye ɗaya rabin.

Spinoza: zati shi ne iko

Baruch Spinoza (1632 zuwa 1677) ɗan Yahudawan Fotugal ne mazauna Amstadam. Al'ummarsa ta kore shi a Yulin 1656 yana da shekara 23, ya rayu yana goge gilasan na'urorin hangen nesa da na ƙananan abubuwa. Littafinsa na Ɗa'a bai fito ba sai bayan mutuwarsa, a 1677, kuma an tsara shi kamar littafin lissafi: ma'anoni, ƙa'idoji, matsaloli masu lamba, kowace da hujjarta.

Abin mamaki, shi da Malebranche sun yarda da abu ɗaya: sababi sai ya wajabta abin da ya haifar. Malebranche ya duba duniya bai ga wajabci ba, ya ce to babu sababi sai Allah. Spinoza ya ce wajabcin yana ko'ina, mu ne ba mu gani. Yadda kusurwoyin alwatika uku suka zama digiri 180 saboda zatinta, haka komai ke biyowa daga zatin Allah. Matsala ta 34 a kashi na farko gajeriya ce: ikon Allah shi ne zatinsa. Ta 36 ta ce babu wani abu da ke wanzuwa face wani sakamako na biyowa daga ɗabi'arsa. A kashi na uku, matsala ta 6 da ta 7, ya sauko da maganar kan kowane abu: komai yana fafutikar ci gaba da wanzuwa gwargwadon ƙarfinsa, kuma wannan fafutika ba wata sifa ce da aka liƙa masa ba, ita ce zatinsa na yanzu. Tambayi Spinoza mene ne doki, zai ce maka abin da doki ke iyawa.

A nan ya haɗu da Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, duk da nisan da ke tsakaninsu a wasu wurare. Da yake mayar wa Gazali martani, Ibn Rushdi ya ce abubuwa sun bambanta da juna a suna da ma'ana ne saboda ayyukan da suka keɓanta da su. In ka cire wa wuta ƙuna, me ya sa za ka ci gaba da kiran ta wuta? Babu wanda ya ƙulla zati da iko tamau kamar Spinoza, kuma in tambayarka ita ce wannan ƙulli zalla, shi ne mutuminka.

Sai dai kuɗin shiga yana da tsada. Mai tsayuwa da kansa ɗaya ne tak a wurinsa, shi yake kira Allah ko ɗabi'a. Ni da kai da wuta da auduga halaye ne nasa, muna bayyana ikonsa ta wata iyakantacciyar hanya. Babu halitta da zaɓi, domin a matsala ta 33 ta kashi na farko ya ce abubuwa ba za su yiwu ta wata hanya daban da yadda suke ba. Babu mu'ujiza mai keta dokar ɗabi'a. Babu 'yancin zaɓi irin wanda mutane ke nufi: a wata wasiƙa ta 1674 ya ce dutsen da aka jefa, da zai yi tunani, da ya ɗauka don kansa yake tafiya. 'Yanci a wurinsa shi ne aikinka ya fito daga ɗabi'arka kai kaɗai, ba tare da an ja ka daga waje ba, kuma hankali ne ke ƙara wa mutum wannan rabo. A ma'aunin littattafan aƙidarmu wannan shi ne tasiri ta hanyar illa, wato sababin da ke haifar da abu tilas ba da zaɓi ba, wanda suka yi wa hukunci mafi tsanani. Ɗalibi ya san da haka tun kafin ya kai taken kundinsa gaban malami. Bayyana ra'ayi daidai ba ɗaukarsa ba ne, amma sai ka iya yin bayanin ba tare da ka tsaya kana neman tsari a kowane shafi ba, ba kuma tare da ka tausasa maganarsa har ta daina zama tasa ba.

Inda ginin ke rawa ma a bayyane yake. Daga "babu abin da ke rusa kansa sai da sababi daga waje", matsala ta 4 ta kashi na uku, ya tsallaka zuwa "komai yana fafutikar wanzuwa". Rashin rusa kai daban, fafutika daban. Kyandir mai cin kansa fa, da mai kashe kansa? Ya amsa cewa sababai na waje ne suka rinjaye su, amma amsar tana buƙatar a san iyakar ciki da waje, shi kuwa bai shata ta da kyau ba. Akwai kuma tambayar da wani matashin Bajamushe, Tschirnhaus, ya yi masa a 1676: ta yaya jismi iri-iri ke fitowa daga shimfiɗuwa zalla? Spinoza ya amsa a wasiƙu biyu, a watan Mayu da Yuli, cewa daga shimfiɗuwa irin ta Descartes, tuli marar motsi, ba za su fito ba, Descartes ya ɓata ma'anar jismi. Ya ce in rai ya kai zai yi bayani, domin bai samu damar tsara batun ba tukuna. A Fabrairun 1677 ya mutu.

Leibniz: wanda ya tsaya tsakanin wuta biyu

Gottfried Wilhelm Leibniz (1646 zuwa 1716) ya san mutanen nan ido da ido. Ya zauna a Faris daga 1672 zuwa 1676 inda ya san Malebranche, a Nuwamban 1676 kuma ya ziyarci Spinoza a Heg. Ya fara kai hari ne ta lissafi, kuma ya kamata a bi lissafin a hankali, don shi ne tushen sauran.

A 1686 ya buga wata 'yar maƙala kan abin da ya kira sanannen kuskuren Descartes. A mayar da ma'auninsa zuwa kilo da mita. Ƙarfin da za a ɗaga kilo 1 zuwa mita 4 daidai yake da wanda za a ɗaga kilo 4 zuwa mita 1. Mabiya Descartes sun yarda da haka. Sun kuma yarda cewa abin da ya faɗo yana samun ƙarfin da zai iya mayar da shi inda ya fito. Don haka in an saki duka biyun, da ƙarfi ɗaya za su iso ƙasa. Amma Galileo ya nuna cewa wanda ya faɗo daga tsawo ninki huɗu, saurinsa ninki biyu ne kawai. Adadin motsi a wurin Descartes girma ne sau sauri: na farko 1 sau 2, wato 2, na biyu 4 sau 1, wato 4. Ba su zo ɗaya ba. In kuwa aka ninka saurin da kansa, na farko 1 sau 4, na biyu 4 sau 1, duka 4. Wannan shi Leibniz ya kira rayayyen ƙarfi. Kimiyyar baya ta riƙe ma'aunan biyu, kowanne da aikinsa, bayan an gyara na Descartes an sa masa alƙibla, amma wannan wani zance ne.

Abin da Leibniz ya ciro shi ne ƙarfi wani abu ne daban da girma da siffa da motsi. In abubuwa biyu suna kusantar juna, sauyin wuri kaɗai ba zai gaya maka wanne ke motsi ba; sai ka san a wanne ƙarfin yake. Ke nan jismi ba shimfiɗuwa ba ne kawai. Ya dawo da surar Aristo da Descartes ya kora, ya ce a fahimce ta a matsayin ƙarfi. Daga ƙarshe ma'anar da ya ba mai tsayuwa da kansa ita ce: abin da ke iya aiki.

Rubutun da ya fi dacewa da batunmu shi ne maƙalarsa ta 1698 kan ɗabi'a ita kanta, martani ga Johann Christoph Sturm na Altdorf. Sturm ya ce abubuwa suna motsi yau saboda umarnin da Allah ya bayar tun farko. Leibniz ya ce: umarnin ya bar wani gurbi mai ɗorewa a cikin abubuwan, ko bai bari ba? Sarkin da ya ba da umarni amma bai naɗa hakimi ba, bai bar takarda ba, kullum da safe sai ya fito da kansa ya sake faɗa. Wannan ba alamar ƙarfin sarauta ba ce. In umarnin ya bar gurbi, to gurbin shi ne doka da ƙarfin da ke cikin abu, wato ɗabi'arsa. In bai bari ba, komai ya zama mu'ujiza marar yankewa, domin mu'ujiza a wurinsa ba abin da ba a saba gani ba ne, abin da ya fi ƙarfin ɗabi'ar halitta ne. Sai ya ɗora wuƙar a inda ta fi zafi: abin da ba ya aiki ba shi da abin da zai sa ya zama shi daga yau zuwa gobe, don haka ba mai tsayuwa da kansa ba ne, hali ne na wani. Ma'ana, hanyar Malebranche, duk da tsoron Allah da ya gina ta a kai, tana gangarawa gidan Spinoza. A 1714 ya rubuta wa Louis Bourguet cewa da babu monad, wato asalan halitta marasa rabuwa masu aiki daga cikinsu, da Spinoza ya yi gaskiya.

Kada a yi saurin cewa ya dawo mana da wuta mai ƙona auduga. Bai dawo da ita ba. Monad, asalin abubuwa a ra'ayinsa na ƙarshe, ba ta da tagar da wani abu zai shiga ko ya fita. Kowace tana fitar da halayenta daga cikinta, ɗaya bayan ɗaya, Allah kuma ya daidaita su tun fil'azal yadda za su dace da juna, kamar agogo biyu da gwani ya ƙera ba sa saɓawa. Kan tasirin wani a kan wani, yana tare da Malebranche. Kan tasirin abu a cikin kansa, ya rabu da shi.

Pierre Bayle ya kawo masa kare a ƙamusunsa na 1697. Kare yana cin burodi cikin jin daɗi, aka zabga masa sanda ta baya. In duk halayensa daga cikinsa suke fitowa, me zai sa ran da ke cikin daɗi ya haifar wa kansa zafi haka kawai? Leibniz ya ce ran karen tun da farko yana ɗauke da hoton duniya duka a dushe, har da ɗaga sandar, ta ƙananan ji da ba ya lura da su, zafin ya biyo bayansu ne bisa dokar jerinsa. Amsar ta tsaya da ƙafarta a hankalce, amma ban ga wanda ta kwantar wa da rai ba. Arnauld ma ya firgita a 1686 da ya ji cewa cikakkiyar ma'anar mutum ta ƙunshi duk abin da zai same shi, kamar ƙetare kogin Rubikon cikin ma'anar Kaisar. Ya ce wannan ya fi ƙaddara ta tilas tsanani. Leibniz ya ce tabbas ne, amma ba wajibi ba ne, tunda kishiyarsa ba mustahili ba ce. Ko wannan rarrabewa ta ceci 'yanci, nan ma kundi ne guda.

Ga mai karatun aƙida, Leibniz ya fi kusa da abin da ake kira ƙarfin da aka ajiye, wanda Shehu Dardir a waƙarsa ta tauhidi, Kharida, ya kira bidi'a, duk da cewa Leibniz ya nace cewa Allah ke wanzar da abin da ƙarfin nasa a kowane lokaci. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya soki Ash'ariyya a nan, ya ce Allah yana halitta da sababai, ba a wurinsu kawai ba, kuma ya sanya musu ƙarfi da ɗabi'a. Amma shi yana nufin wuta tana ƙona auduga da gaske, abin da Leibniz bai yarda da shi ba.

To wanne?

Ni dai Leibniz nake ba mafi yawan ɗalibai shawara, a karanta shi yana fuskantar Malebranche. Dalili shi ne shi kaɗai ya zo bayan sauran ya amsa musu duka, don haka wanda ya riƙe shi dole ya san su, ba tare da kundin ya watse ba. Wahalarsa ita ce bai bar babban littafi guda da ya tattara ra'ayinsa kan wannan batu ba. Maƙaloli ne da wasiƙu cikin Latin da Faransanci, har Maƙalarsa kan Metafizika ta 1686 ba a buga ta ba sai 1846, kuma bugun ayyukansa da aka fara fitarwa a Jamus a 1923 har yanzu bai kammala ba. Ra'ayinsa kan jismi a shekarun wasiƙunsa da Arnauld ba lallai ya zama ɗaya da na 1714 ba, saboda haka a zaɓi zango guda a tsaya a kai. Wanda lissafin kilo da mita ɗin nan ya gundure shi, ya sake tunani.

Mai ƙarfi a Larabci da ilimin kalam, wanda zai iya buɗe sharhohin Sanusi da kansa, Malebranche ya fi masa riba, da sharaɗin ya gina kundin kan inda suka rabu: dokoki na gama-gari da abin da hikima ke wajabtawa. Rubutunsa kuma shi ya fi na sauran daɗin karantawa. Spinoza na mai haƙuri ne, wanda zai iya bin hujja daga matsala ta 7 ta kashi na uku ya koma baya har ta 34 ta kashi na farko ba tare da ya ƙosa ba. Ladansa shi ne kusan komai yana cikin littafi guda, sai 'yan wasiƙu.

Ko wanne aka ɗauka, a fara da kashi na biyu na Ƙa'idojin Descartes da wasiƙun Elisabeth na 1643, sannan babin Malebranche kan kuskure mafi haɗari, sannan maƙalar Leibniz ta 1698. Sauƙaƙan fassarorin Ingilishi da Jonathan Bennett ya sa kyauta a intanet suna da amfani a karatun farko, amma ya sake gina jimloli ya ƙara nasa bayani a ciki, don haka ba daga su ake ciro nassi a sa a kundi ba.